Ƙyauren Ɗakin Haya: Magana ga Masu Gidaje da 'Yan Haya na Sabon Birni da Isa

Jama'a masu sauraronmu na Sabon Birni da Isa, da na Gatawa da Unguwar Lalle da Kurawa, da na Bafarawa da Turba, har da 'yan'uwanmu da ke tsallaken iyaka a ƙasar Maraɗi waɗanda muryarmu ke isa gare su.  Sharhinmu na yau a kan ɗakin haya yake, da abin da ke tsakanin mai gida da wanda ke zaune a gidansa.

Bari in fara da abin da idona ya gani. A daminar da ta wuce na je gaishe da wata gwaggona a cikin garin Sabon Birni. Gidan da ke jikin nata gidan ƙasa ne, zaure ɗaya da ɗakuna biyar, kowane ɗaki da iyali guda. Ina shiga lungun sai ga wani saurayi ya fito da ƙyauren ɗaki a ka, ya jingine shi a zaure. Na ɗauka kafinta ne, ashe ɗan mai gidan ne. Ɗakin da aka cire wa ƙyauren na wata baiwar Allah ne, wadda ta baro ƙauyensu da 'ya'ya huɗu bayan an kashe mijinta a gona. Kuɗin wata biyu ake bin ta, an kuma gaya mata daga watan gobe an yi ƙari. Tana tsaye a bakin ƙofa tana ɗaura wani tsohon zane a inda ƙyauren yake, ga hadari ya haɗo daga gabas, ƙaramin ɗanta yana riƙe da gefen hijabinta. Abin da na ji ta ce wa saurayin shi ne: "Ɗan nan, ka ce ma Baba shi yi haƙuri. Ina za ni da ɗiyan ga cikin wanga ruwa?" Yaron ya sunkuyar da kai, ya ce shi aiko shi aka yi.

Bayan la'asar na bi mai unguwa zuwa wurin mai gidan. Na tafi da fushi a raina, ina tsammanin zan tarar da wani attajiri mai babbar riga. Dattijo na tarar a kan buzu, idonsa ɗaya ya fara hakiya, yana gyaran igiyar guga. Da aka kawo maganar, ya yi shiru, sannan ya ce: "Malam, gonata tana hannun mutanen daji shekara ukku. Ɗakunan ga su ne gonata yanzu. In ba ta biya ba, mi zan ba nawa iyali?" Kafin sallar isha'i an mayar da ƙyaure, an kuma yi sulhu a gaban liman cewa za ta riƙa biya kaɗan-kaɗan daga abin da take samu a surfe da wankau. Amma tun daga ranar maganar ba ta bar ni ba, domin na ga mutum biyu da bala'i ɗaya ya ci, kowannensu yana ganin ɗan'uwansa ne ya danne shi.

Dattawan da ke saurare za su shaida, a da haya ba sana'a ba ce a ƙasar Gobir. Baƙo in ya zo, masauki ake ba shi. Mai gida ya share masa shigifa ko ɗakin zaure, a kai masa tuwo, ya yi kwanakinsa ya wuce. Masu kama haya 'yan kaɗan ne: malamin makaranta da aka turo daga Sakkwato, ɗan sanda, ma'aikacin asibiti, jami'in kwastan, sai fatake da ke zuwa cin kasuwa. Rashin tsaro ne ya juya al'amarin. A watan Mayu na 2020, a rana ɗaya aka kashe sama da mutum 70 a Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari da Katuma da Masawa. A watan Disamba na 2021 aka ƙone matafiya cikin mota a kusa da Gidan Bawa. A 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya kuma rasu a hannun waɗanda suka sace shi, Allah Ya jiƙansa. Idan uban ƙasa bai tsira ba, ina ga talakan da ke kwana a ƙauye mai gida talatin? Shi ya sa jama'a suka watse. Wasu sun tsallaka Gidan Runji da sauran garuruwan Maraɗi, wasu sun nufi Sakkwato suna kwana a kangaye da Ramin Kura, da yawa kuma sun tsaya nan kusa, cikin garin Sabon Birni da garin Isa, inda ake ganin soja, don su riƙa leƙa gonakinsu in hanya ta yi sauƙi.

Ɗakuna ba su ƙaru ba, masu nema sun ninka. Wanda ke da niyyar gini ma hannunsa ya ɗaure. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, komai ya tashi, aka kuma rufe iyaka da Nijar bayan juyin mulkin watan Yuli na wannan shekarar, kasuwancin da garuruwanmu suka dogara da shi ya durƙushe na tsawon watanni. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000, duk da cewa a Kalambaina, cikin jiharmu, ake yin sa. Kwano da katako da ƙusa duk sun bi sahu. To a irin wannan hali kuɗin haya ya koma bakin mai gida da dillali. Abin da suka faɗa shi ne farashi, wanda bai iya ba ya matsa, akwai goma a bayansa.

Na sha jin masu kira a wannan tasha suna cewa gwamnati ta ƙayyade kuɗin haya kawai, ta ce ɗakin ƙasa kaza, ɗakin siminti kaza, wanda ya wuce a hukunta shi. Na fahimci zafin da ke sa su faɗi haka. Sai dai an taɓa gwadawa a ƙasar nan, ya kamata mu san abin da ya faru. Bayan ƙarin albashin Udoji na 1974 kaya suka yi tsada, kuɗin haya ya tashi a birane, sai gwamnatin soja ta kafa kwamitin duba haya a 1976, jihohi suka fitar da dokoki, aka buɗe kotunan haya. A 1997 Kanar Buba Marwa, yana mulkin Legas, ya sake fitar da doka wadda ta raba birnin shiyya-shiyya, kowace shiyya da farashinta. A takarda abin ya yi kyau. A ƙasa kuwa, mai gida ya rubuta rasit da farashin gwamnati, ya karɓi cikon a bayan fage, ɗan haya kuma bai isa ya kai ƙara ba, don ya san ranar da ya fito daga kotu ranar zai fara neman wani ɗaki. A Gana ma, tun 1963 dokarsu ta hana karɓar kuɗin gaba fiye da na wata shida, amma ku tambayi 'yan'uwanmu Hausawa na Nima da zangon Kumasi, za su gaya muku ana karɓar na shekara biyu a hannunsu.

Inda ƙayyadewa ta yi tasiri, da akwai dalili. A birnin Niyok na Amurka akwai gidaje kusan miliyan ɗaya da doka ta tsare kuɗin hayarsu. Kowace shekara wani kwamiti mai mutum tara yake zama, biyu daga ɓangaren 'yan haya, biyu daga ɓangaren masu gidaje, biyar daga sauran jama'a, su duba tsadar gyara da haraji da makamashi, sannan su yanke iyakar ƙarin da za a yi. Abin da ya riƙe wannan tsarin shi ne kowane gida yana cikin rajista, kowace yarjejeniya a rubuce take, kuma mai gida ba ya korar mutum don kawai ya yi ƙorafi. Mu a nan ko sunan ɗan haya ba a rubuce yake a wurin kowa ba. Idan aka sanar da farashi ta rediyo alhali babu takarda babu rajista, mai gida zai ce ɗakin ma ya fasa bayarwa, ɗansa zai yi aure. Wadda za ta kwana a waje ita ce dai waccan mai 'ya'ya huɗu.

Malamanmu ma sun yi magana a kan wannan. An san cewa lokacin da kaya suka yi tsada a Madina aka nemi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yanke farashi, bai yanke ba. Daga baya wasu malaman Malikiyya sun ba shugaba dama idan cutarwa ta bayyana, da sharaɗin ya tara masu sayarwa da masu saye, ya ji yadda suke samu da yadda suke kashewa, a tsaya a kan abin da ba zai cuci kowa ba. Wato dai zama ne da shawara, kuma a wurinmu shi ne abin da zai yi aiki.

Ra'ayina ke nan a fili: abin da ɗan haya na Sabon Birni da Isa ya fi buƙata a yau shi ne ya san ranar da hayarsa za ta ƙare, ya san ba za a yi masa ƙari kafin ranar ba, ya kuma san ba wanda ya isa ya fitar da shi da ƙarfi. Waɗannan kuwa ba sai an jira sabuwar doka ba. Suna nan a shari'a, suna nan a dokar ƙasa, rashin sani ne ya binne su.

Mu ɗauki shari'a tukuna, tunda tun 2000, zamanin Gwamna Attahiru Bafarawa, ɗan ƙasar Isa, kotunan shari'ar Musulunci suke aiki da faɗi a jihar Sakkwato, kuma can talakanmu ya fi zuwa. Littattafan da alƙalanmu ke hukunci da su, Risala da Muhtasar na Halil da Tuhfa, sun raba hayar gida kashi biyu, kuma ina roƙon kowane ɗan haya ya kasa kunne a nan, don kalma ɗaya tana iya raba shi da kwana a titi. Akwai wadda ake kira wajiba, wato an ambaci wa'adi: na kama ɗakin nan shekara ɗaya daga watan kaza, ko wata shida daga yau, a kan kuɗi kaza. Wannan ta ɗaure kowa. Mai gida ba shi da ikon tayar da kai ko ƙara maka ko sisi kafin wa'adin ya cika, kai ma ba ka da ikon tashi ka ce ba za ka biya sauran ba. Akwai kuma wadda ake kira mushahara, wato an ce kowane wata kaza, ba a faɗi ranar ƙarewa ba. A wannan, kowane ɗayanku yana iya warwarewa, sai dai gwargwadon kwanakin da aka riga aka biya kuɗinsu, waɗannan sun zama naka.

Yanzu ku tambayi kanku, wace iri ce galibin 'yan gudun hijira ke ciki? Ta biyun ce. Mutum ya iso gari da dare, kaya a ka, yara suna kuka, dillali ya ce ga ɗaki, wata kaza, ya ce na gode. Bai san ya shiga mafi raunin yarjejeniya ba. Da ya ce a gaban shaidu biyu, "Na kama har bayan kaka, wata shida," mai gida ya ce "Na ba ka," da ya sami katanga, ko da kuwa wata-wata zai riƙa biya. Wannan ilimi ne da ya kamata limamanmu su riƙa faɗa a kan mumbari, domin ya fi kusa da rayuwar masu sallah a bayansu fiye da abubuwa da yawa da ake tsawaita huɗuba a kansu.

Akwai wani hukuncin da ya shafi zawarawa da marayu kai tsaye, su kuwa sun yi yawa a cikinmu. A mazhabar Malikiyya haya mai wa'adi ba ta warwarewa don mai gida ya mutu, ba ta kuma warwarewa don ɗan haya ya mutu. Idan mutum ya biya shekara, aka kashe shi a hanyar Gundumi bayan wata uku, sauran wata tara haƙƙin magadansa ne. Ba wanda ya isa ya zo ranar addu'ar bakwai ya ce wa matarsa da mijinki na yi magana, ki kwashe kayanki. Haka nan idan mai gida ne ya rasu, magada za su raba gida, amma sai sun jira wa'adin wanda ke ciki. Idan sayar da gidan aka yi, wanda ya saya ya sayi gida da ɗan hayarsa har wa'adi ya cika. Na san gidajen da aka tayar da mutane da kalmar "an sayar", suka tashi ba musu, don sun ɗauka haka hukuncin yake.

Maganar gyara kuma, gaskiya ɗaya ce, kada in faɗa wa ɗan haya abin da yake son ji kawai. Fitaccen zance a mazhaba shi ne ba a tilasta wa mai gida gyara. Amma idan ɓarnar mai cutarwa ce, azara ta karye, soro yana yoyo a kan gado, bango ya tsage, ko masai ya cika, ɗan haya yana da zaɓin ya tashi a mayar masa da kuɗin kwanakin da suka rage. Shi ya sa ya fi kyau tun ranar shiga a faɗi wanda zai yi yaɓe kafin damina, da wanda zai gyara indararo, da yadda za a cire kuɗin daga haya idan ɗan haya ne ya yi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma in bai faɗa tun rani ba, a watan Agusta rigima za a yi.

Ta ɓangaren dokar ƙasa, dokokin karɓar gida daga hannun ɗan haya, na Abuja da na Legas da na galibin jihohi, sun yi kama da juna. Idan ba a yi wata yarjejeniya ta daban ba, mai biya mako-mako ana ba shi notis na mako guda, mai biya wata-wata notis na wata guda, mai biya duk wata uku notis na wata uku, mai biyan shekara kuwa notis na wata shida. Idan wa'adin notis ya cika bai tashi ba, sai a sake ba shi takardar kwana bakwai, wadda ke sanar da shi za a kai shi kotu. Daga nan sai sammaci, sai alƙali ya saurari kowa, sai hukunci. Ma'aikacin kotu ne ke fitar da mutum, da takardar kotu a hannunsa. Ɗan mai gida ba shi da wannan iko, ɗan banga ba shi da shi, ɗan sanda ma ba aikinsa ba ne, domin bashin haya ba laifi ba ne da ake tsare mutum a kansa. Duk wanda aka kai caji ofis don kuɗin ɗaki, ya sani an kai shi inda ba a nan maganar take ba.

Cire ƙyaure, kware kwano, sa kwaɗo a ƙofa, watsar da kaya a waje, rufe rijiya ko ban ɗaki don mutum ya gaji ya tashi, duk waɗannan ɗaukar doka a hannu ne, kuma kotu tana iya sa mai gida ya biya diyya, ko da kuwa gaskiya ne yana bin kuɗi. Dokar haya ta Legas ta 2011 ta mayar da shi laifi mai tarar da ta kai naira 250,000 ko ɗaurin wata shida. Kotun Ƙoli ta ƙasa ta daɗe da tsayawa a kan wannan. A 1986 ta yi hukunci a kan gwamnatin sojan Legas kanta, wadda ta tura 'yan sanda ɗauke da makamai suka fitar da Odumegwu Ojukwu daga wani gida a Ikoyi alhali magana tana gaban kotu. Kotun ta nuna cewa ko gwamnati ba ta da hurumin yi wa kanta hukunci da ƙarfi. Idan gwamna mai soja a hannu bai isa ba, to mai ɗaki biyar a lungun Sabon Birni ma bai isa ba.

Amma ɗan haya, kai ma ga taka. Kuɗin haya bashi ne a wuyanka, duniya da lahira. Gudun hijira uzuri ne na neman jinkiri, ba ya goge haƙƙin mutum. Alƙur'ani a cikin Suratul Baƙara ya umarci mai bin bashi ya saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya sami sauƙi, a surar kuma aya mafi tsawo a Alƙur'ani ta zo a kan rubuta bashi da kafa shaidu. Saurarawar ta wanda ba shi da shi ce. Wanda ya sayar da albasa ko ya karɓi albashi, ya sayi sabuwar waya ya bar mai gida yana zarya, wannan zalunci yake yi, kuma irinsa ne ke sa masu gidaje su ƙeƙashe zuciya ga na bayansa. Haka wanda aka ba ɗaki don mutum biyar ya tara goma sha biyar ba tare da ya sanar ba, ko ya ba wani haya a ɓoye, ko ya ɗaure awaki a jikin katangar ƙasa har ta zube. Kuma kada wani ya ruɗe ka cewa kuskure kaɗan a takardar notis zai sa ka zauna shekaru kyauta. A 2021 Kotun Ƙoli ta nuna ba za ta lamunci irin wannan fakewar ba. A lokacin da muke ciki ma, mai gida yana da haƙƙin ya san wa ya sa a gidansa, daga wane ƙauye, wa ya san shi. Wannan tambaya ba wulaƙanci ba ce, tsaron unguwa ne.

Dillalai kuma, ku ji tsoron Allah. La'ada sau ɗaya ake karɓa, ranar da aka haɗa mai gida da ɗan haya. Wanda ke komawa wurin mai gida bayan wata uku yana raɗa masa cewa ga wani zai ba da ninki, don a tayar da na ciki ya sake cin la'ada, ya sani da hawayen marayu yake cefane.

To me za a yi? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ina kira ga iyayen ƙasa na Sabon Birni da Isa, da shugabannin ƙananan hukumomin biyu, su kira zama guda: alƙalai, limamai, hakimai, masu unguwanni, wakilan masu gidaje, da wakilan waɗanda suka baro ƙauyukansu, a ciki har da mata, don su ne suka fi yawa a ɗakunan nan. A fito da takarda ɗaya mai shafi guda, da Hausa, boko a gaba ajami a baya: sunan mai gida, sunan ɗan haya, ɗaki nawa, kuɗi nawa, daga yaushe zuwa yaushe, gyara a kan wa, shaidu biyu. Kowa ya riƙe kwafi, mai unguwa ya shigar a littafinsa. Kuɗin buga wannan takarda bai kai na fentin ƙofar sakatariya ba. A zaman kuma a amince cewa ƙari sau ɗaya ne a shekara, da sanarwar wata uku kafin ya fara. A kuma amince, wannan ita ce ta fi tsaya mini a rai, cewa daga faɗuwar ruwa zuwa kaka ba a tayar da iyali daga ɗaki, sai dai in alƙali ne ya ga dalili mai ƙarfi. Damina ce lokacin da kangon da za a fake ba shi da rufi, lokacin zazzaɓin sauro, lokacin da hatsi ya fi tsada. Mai gida da ya yi haƙurin wata huɗu ba zai rasa kuɗinsa ba, an rubuta, akwai shaidu.

Ga 'yan majalisarmu, masu wakiltar Sabon Birni ta Arewa da ta Kudu da Isa a majalisar jiha, da mai wakiltar Isa da Sabon Birni a Abuja, ku duba inda gidajen gwamnati suke. Bado, Kalambaina, Gidan Salanke, duk a babban birni. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Kampala ta kare waɗanda rikici ya raba da gidajensu tun 2012, maƙwabciyarmu Nijar ta mayar da ita dokar ƙasa tun 2018. Matsuguni yana cikin abin da aka yi alƙawari. Ko ba a gina manyan gidaje ba, a yanka filaye a gefen gari inda tsaro ke kaiwa, a taimaka da kwano da katako, mutanenmu sun iya tubali, sun iya gini da hannunsu. Duk ɗaki ɗari da aka ƙara zai sassauta kuɗin haya fiye da sanarwa goma. Hukumar zakka da waƙafi ta jiha ita ma tana iya biya wa zawarawa bashin haya kai tsaye ga masu gidaje, ta sauke nauyi biyu da kuɗi ɗaya. Hukumar ba da agajin lauya kyauta, wadda ke nan tun 1976, da hukumar kare haƙƙin ɗan'adam, su riƙa leƙo gabashin jiha, kada talaka ya bi hanyar da ake tare mutane don kawai ya yi tambaya a Sakkwato.

Mu Gobirawa mun fi kowa sanin abin da ake nufi da barin gida. Alƙalawa ta faɗi a 1808, kakanninmu suka yi shekaru suna yawo kafin a kafa Tsibiri, daga can kuma Ɗan Halima ya taso da jama'arsa a rabin ƙarshe na ƙarni na 19 aka kafa garin da muke kira Sabon Birni. Sunan garin kansa yana faɗa mana cewa masu neman sabon matsuguni ne suka gina shi. Wanda ke ƙwanƙwasa maka ƙofa yau daga Tara ko Gangara ko Tidibale, jininka ne, jiya kai kake zuwa ƙauyensu cin kasuwa da biki, yana yanka maka kaza. Muna roƙon Allah Ya kawo ranar da zai koma gonarsa, kai ma ka koma taka.

Kafin ranar, Alhaji mai gida, in ɗan hayarka ya gaza, ga mai unguwa, ga liman, ga alƙali, amma ka bar ƙyaure a inda yake. Malam ɗan haya, Hajiya mai ɗaki, gobe da safe ku nemi mutum biyu masu mutunci, ku je wurin mai gida da ladabi, a faɗi wa'adi a gabansu, a rubuta, kuma duk abin da kuka biya ku karɓi rasit ku adana shi tare da katin zaɓe. Wanda aka riga aka watsar masa da kaya, kada ya rama da hannunsa, ya kira shaidu su gani, ya nufi kotu.

 Allah Ya zaunar da ƙasar Gobir lafiya.